Kwalbar da Aka Kai Kausani

"Inna, don Allah a rufe min ita sai rana ta ɗaga."

Inna Yelwa ta tsaya da ludayi a hannu. Ta dubi ƙwaryar furar da ta dama da kindirmo tun da sassafe, sannan ta dubi ɗanta Isyaku da ke tsugune a bakin rariya yana wanke fuska da wani sabulu mara ƙamshi.

"Yaron da na yaye da fura, yau shi ke gudun fura," ta ce. "Me suka ba ka ne a Ikkon nan? Ko shayi da burodi ne suka lalata maka baki?"

"Ba gudunta nake ba, Inna. Likita ne ya ce kada in haɗa maganina da nono, sai ya ɗan jima a ciki."

"Maganin da ke gaba da nono kuma wane irin magani ne?"

Ya yi dariya kawai, ya goge fuska a hankali.

Shekara biyar Isyaku ya yi a Ikko yana kanikanci a garejin manyan motocin da ke kwasar siminti daga bakin teku. Kwance yake yini a ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗiga masa a goshi, yana tara abin aure. Ya dawo Sabon Garin Wudil a shekarar da aka raba kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikata, ya tarar da garin kamar an canja shi. Wanda ya bari da keke ya hau babur, wanda ya bari da rediyo ya rataya rakoda a kafaɗa, motoci sai gudu suke a kan gada kamar ana korarsu. Shi kansa ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga gida ya ji ya yi masa ƙunci, ya fita waje ya ji ana kallonsa. Kuma da gaske ana kallonsa, domin ya dawo da ƙuraje cike da fuska: manya jajaye a kumatu da haɓa, ƙanana masu baƙin kai a goshi, har bayan wuya da dantse.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Hadi ne, ɗan Gwaggo Talatu ƙanwar marigayi mahaifin Isyaku, wato abokin wasansa. Akawu ne a wani ofishi, ga wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ga agogo. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi kwana da gajiya da sanyin safiya, sannan ya juyo.

"Oga na Ikko. An tafi neman kuɗi an dawo da dawa a fuska. Yaushe ne girbin?"

"Ranar da za a yi kai ne ɗan dako, tunda ɗan mace kake, bawana."

"Bawa da babur, ubangida a ƙasa. Inna, kin ga ikon Allah?"

Inna ta miƙa wa Hadi furar da Isyaku ya ƙi. Ya shanye tas.

Duk duniya babu wanda Isyaku ya yarda da shi kamar Hadi. Kafin ya tafi Ikko an riga an yi masa baiko da Saudatu, 'yar Malam Gwadabe na Kausani, dillalin shanu a kara, wato kasuwar shanun Wudil. Kamar yadda aka saba idan saurayi ya yi doguwar tafiya, sai ya bar wa amininsa riƙon zance. Hadi ke zuwa Kausani a madadinsa, shi ke kai gaisuwa, shi ke kai kayan Sallah, don kada wani ya ga kamar wurin babu mai shi.

Suka shiga ɗakin soro. Isyaku ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro wata kwalba ruwan ƙasa. Hadi ya karɓa ya ɗaga, sai dariyarsa ta ɗauke.

"Ja da yalo? Kai Isyaku, ka san su wa ke sayen wannan kafson a tasha?"

"Na sani. Masu ciwon sanyi. Amma ni dokta ne ya rubuta min, saboda fuskar nan. Ya ce maiƙo ne ke toshe ƙofofin fata, ƙwayar cuta ta taru a ciki, ga baƙin man gareji ya ƙara lalata abin. Kafson shi ke kashe ƙwayoyin. Ya ce sai na jure wata biyu ko uku kafin in ga canji sosai. Ka duba nan, wallahi da ya fi haka."

"Oke, ni na gane," in ji Hadi, yana juya kwalbar a hannu. "Amma mutanenmu ba za su gane ba. Ɓoye ta."

"Shi ya sa take akwati. Kai kaɗai ka gani."

Ya mayar, ya kulle, ya sa makullin a ƙarƙashin tabarma a gaban idon Hadi.

Bayan la'asar suka hau babur sai Kausani. Gero ya fara kai gwiwa a gonaki. A gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Gwadabe aka shimfiɗa musu tabarma. Saudatu ta fito lulluɓe da mayafi, ta gaishe su ciki-ciki, ta zauna a gefe. Isyaku ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke. Duk maganar da ya tanada tun daga Ikko ta gudu.

"Mutanen Ikko ba sa ɗaga kai ne," ta ce, "ko ƙasar Kausani ce ta fi ni kyau?"

"Ba na so in tsorata ki ne."

"Ɗago in gani. Idan na tsorata ai gida na kusa."

Ya ɗago. Ta dube shi sosai, ba ta kau da kai ba.

"To, idon dai naka ne, hancin ma naka ne. Sauran baƙi ne, za su tafi. Suna ciwo?"

Tun da ya dawo, babu wanda ya yi masa wannan tambayar. Kowa sai dai ya tambayi me ya jawo.

"Wani lokacin," ya ce.

"Sannu. Allah ya sawwaƙe."

Hadi yana can jingine da babur, yana ta goge madubin da babu ƙura a kansa.

Ba a yi nisa ba, wata safiya Isyaku ya buɗe akwati bai ga kwalba ba. Ya zazzage kaya, ya ɗaga tabarma, ya duba bayan tulu. Babu. Ya fito tsakar gida idonsa jawur.

"Inna, ina maganina?"

"Wane magani?"

"Wanda kike ƙi tun ranar da na dawo. Ke kike share ɗakin nan. A masai kika zuba, ko a wuta?"

Inna ta ajiye tsintsiya. "Isyaku, ni kake tuhuma?"

"To wa zan tuhuma? Na yi shekara biyar ina kwana a ƙarƙashin mota don in fitar da mu kunya, na dawo ba a bar ni ko da lafiyar fuskata ba. Da na sani da ban dawo ba."

Ta juya masa baya. Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan hanci. Ya tsaya a tsakar gida, zuciya na cinsa, kunya na cinsa, bai bi ta ba.

Sayen wani kafson bai yiwu ba. Likitan Ikko ya gargaɗe shi da na masu talla, wanda ya sha rana ya kwana biyu, ya ce yana iya taɓa ƙoda. Ko da ma ba haka ba, wa zai tsaya a tashar Wudil ya ce a ba shi ja da yalo, ana sauran 'yan watanni bikinsa? Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Sai ya zauna haka. Ƙurajen da suka fara kwanciya suka taso da ƙarfinsu.

Gwaggo Talatu ta zo dubiya ta ce mugun jini ne, a kira wanzami. Inna ta roƙe shi da hawaye, shi kuma nauyin abin da ya gaya mata bai bar shi ya ƙi ba. Ɗantani wanzami ya zo da zabirarsa, ya kafa masa ƙaho a ƙeya, sannan ya bi manyan ƙurajen da bakin aska yana tsagawa yana matsewa.

"Ka gani? Duk dattin bariki ne ke fita."

Kwana kaɗan fuska ta kumbura ta ɗuri ruwa. Isyaku ya daina zuwa majalisa. Idan zai je masallaci sai ya naɗe rawani kamar Buzu. Hadi ma ya ɗauke ƙafa, wai aiki ya yi yawa a ofis.

Ana cikin haka Malam Gwadabe ya aiko yana nemansa.

Ya same shi a zaure a kan buzu, da carbi a hannu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, amma sanyi ƙalau. Isyaku ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Isyaku, mahaifinka abokina ne. Saboda shi na ba ka 'yata ban tambayi kowa ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalba ruwan ƙasa, ya ajiye tsakaninsu. "Taka ce?"

Isyaku ya dubi kwalbar.

"Tawa ce, Baba."

"To alhamdu lillahi da ba ka yi ƙarya ba. Kowace Juma'a ina kara, ina ganin direbobi da 'yan tireda suna sayen irin wannan a ɓoye, na kuma san abin da suke sha don shi. Ga shi har ya fito maka a fuska. Ni ba zan ɗauki yarinya lafiyayya in kai ta inda za a cuce ta, ta rasa haihuwa ba. Idan na dawo daga kasuwar Juma'a za a mayar muku da kayanku."

"Baba, wallahi ban taɓa kusantar wata mace ba. Maganin ƙuraje ne, likita ya..."

"Kowa haka zai ce."

"To Baba, wa ya kawo maka?"

Malam Gwadabe ya ce, "Wanda ya fi kowa sonka. Nan ya tsuguna inda kake, yana hawaye, ya ce amana biyu ta haɗe masa, taka da ta gidan nan. Hadi yaron kirki ne. Kada ka riƙe shi."

Isyaku bai san yadda ya fito daga zauren ba. Abin da ke yawo a kansa ba Hadi ba ne ma tukuna, fuskar Inna ce lokacin da ta ajiye tsintsiya. Ya bi gefen dangar gidan yana tafiya kamar wanda ya tashi daga jinya. A ransa ya riga ya gama shawara: gobe motar farko, sai Ikko, inda babu wanda ya san sunan ubansa.

"Yaya Isyaku."

Daga bayan danga muryar ta fito. Bai ga fuskarta ba, sai gefen mayafi ta tsakanin kara.

"Na ji komai," in ji Saudatu. "Tambaya ɗaya gare ni, ba kuma zan sake yin ta ba har abada. Gaskiya ne?"

"Ƙarya ne, Saudatu. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Shi ke nan. To me za ka yi?"

"Tafiya zan yi."

"Ka tafi?" ta ce. "Shekara biyar ina zaune, ƙawayena duk da goyo, ana ce min mai jiran ɗan Ikko. Ban gaji ba. Kai wata nawa ka yi har ka gaji? Idan ka hau motar nan ka gaskata su ke nan, ni kuma ka bar ni da sunan wadda ta tsallake rijiya... a'a, ka bar ni da sunan wadda mai ciwon bariki ya fasa. Kuma tun shekaranjiya aka fara aiko min da turare da ɗankwali daga gidan Gwaggo Talatu. Na mayar."

"Daga gidan Gwaggo?"

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Je ka gida. Kada ka je tasha. Baba nawa ne, ka bar ni da shi."

Bai je gida kai tsaye ba. Ya san inda Hadi ke wanke babur da yamma, a bakin kogi ƙasa da gada, inda masu yashi ke lodi. Can ya same shi, wando a naɗe, yana ta kumfa.

"A'a, Oga na Ikko, an fito shan iska?"

"Daga Kausani nake."

Hadi ya ci gaba da goge taya. Bai ɗago ba.

"Na nuna maka kwalbar nan da hannuna, Hadi. Na gaya maka abin da dokta ya ce. Ka ce ka gane."

"Ni ban ce kana da wani ciwo ba. Ka tambayi Malam. Kwalba na kai, na yi shiru. Shi ya fassara."

"Ka yi shiru kana kuka."

Hadi ya jefar da soso cikin bokiti ya miƙe. "To, na yi. Shekara biyar wa ke shan ranar hanyar Kausani? Wa ke zama a tabarma yana jin hirarta, yana ganin dariyarta, sannan ya ce wai saƙon Isyaku ne? Kana can kana kallon teku, ni aka bar wa gadi. Ni dutse ne? Ranar da ka dawo da fuskar nan na ce shi ke nan, da kanta za ta ce ba ta yi. Sai na ji tana tambayarka wai suna ciwo."

"Da ka gaya min kana sonta, da mun yi faɗa irin na maza, mu shirya. Amma ka bar ni na zagi uwata. Kana gidan aka kira wanzami, ka san me zai yi min, ba ka ce uffan ba."

"Sori," in ji Hadi, can ƙasan maƙoshi.

"Riƙe abinka. A ofis ake cewa haka."

Ya juya. Hawayen da ya riƙe tun daga zaure suka zubo, suna bi ta kan miki suna yi masa zafi.

Inna na tankaɗe ya shigo. Ya zube a gabanta ya kama ƙafarta.

"Inna, ki yafe min. Ba ke ba ce."

"Na san ba ni ba ce," ta ce. "Tashi. Tun ranar na yafe. Wa ya ɗauka?"

Da ya faɗa, ta ajiye rariya.

"Yaron da ke shan furarka," ta ce a hankali.

A Kausani kuwa, washegari Saudatu ta jira har mahaifinta ya idar da sallar walha. Ta kawo masa ruwa, ta durƙusa nesa kaɗan, ba ta tashi ba.

"Akwai magana ne?"

"Baba, ka yafe min rashin kunya. Tun ina ƙarama nake jin kana cewa ba ka taɓa yarda an ce maka saniya ba ta da lafiya daga nesa ba, sai ka buɗe bakinta ka duba, ka taɓa hancinta, in ta kama ka kira malamin dabbobi."

"Haka ne."

"To Baba, saniya ke nan."

Ta ci gaba, hawaye na ɗiga a tabarma. "Idan likita ya ce yana da abin da aka ce, wallahi ko sunansa ba za ka ƙara ji a bakina ba. Amma kada a yanke masa hukunci da launin kafso."

Malam Gwadabe ya daɗe yana jan carbi. Mutum ne mai zafi, amma ba ya son a ce ya zalunci wani.

"Tashi ki shiga gida," ya ce.

Ranar Alhamis, ana gobe kasuwa, shi da Isyaku suka shiga motar Kano. Suka isa da hantsi. Suka bi layi a asibiti, aka ɗebi jinin Isyaku da fitsarinsa, aka ce su dawo. Kasuwar Juma'a ta zo ta wuce ba a mayar da kaya ba. Da suka koma, suka sami likitan, wani matashi mai tabarau, da takardar gwaji a gabansa.

"Baba, ɗanka ba shi da ciwon sanyi, ba shi da tunjere. Jininsa lafiya lau."

Malam Gwadabe ya ajiye kwalbar a tebur. "To wannan fa, likita?"

"Me kake sana'a, Baba?"

"Dillancin shanu."

"Madalla. Allurar da malamin dabbobi ke yi wa saniya mai tari, ba ka taɓa ganin ya yi wa mai ciwon kofato ita ba?"

"Ita ce dai, ruwan zuma-zuma."

"To 'yar'uwar wannan ce. Magani ɗaya, cuta daban-daban. Ana ba mai ciwon sanyi, ana ba mai ciwon ƙirji, ana ba mai ƙurajen fuska. Su ƙurajen nan ba daga mugun jini suke ba, ba daga mata ba, ba a kuma ɗaukarsu a jikin wani. Idan mutum ya balaga, fatarsa kan ƙara fitar da maiƙo. Akwai ƙananan ƙofofi da gashi ke fitowa, sai maiƙon da matacciyar fata su toshe su, ƙwayar cuta ta sami wurin zama, wurin ya kumbura. Wani gado ne ma. Shi kuma ga baƙin mai da ya yi shekaru yana wanka da shi." Ya juya fuskar Isyaku wajen taga, ya tsuke baki. "Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wanzami."

"Ƙurajen za su tafi, in sha Allahu. Waɗannan tabon na aska kuwa, wasu sun zauna ke nan. Kada ka ƙara matsawa, kada ka bari a tsaga. Wanka da sabulu mara ƙarfi safe da yamma, ban da dirza. Ga ruwan shafawa mai farar wuta, zai busar da su. Ga kafso, ka sha cikinka babu abinci, nesa da nono da kanwa, kada kuma ka ba mai ciki ko yaro. Idan ka koma kanikanci, ka riƙa canja kayan aiki, ka wanke man da wuri. Sai haƙuri, don ba ya aiki a mako ɗaya." Ya dubi tsohon ya yi murmushi. "Baba, kai da kana saurayi fuskarka sumul take?"

Malam Gwadabe ya shafa gemunsa. Ya yi gyaran murya.

"Akwai dalilin da ya sa na bar gemu da wuri," ya ce.

A motar dawowa, sun wuce rabin hanya, tsohon ya ɓare goro ya miƙa wa Isyaku ɓari.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe ni."

"Babu komai, Baba."

"Akwai komai. Da yarinyar nan ba ta fi ni hankali ba, da na tashi da haƙƙinka ranar gobe ƙiyama."

Washegari Juma'a, a rumfar dillalai, inda maganar ta fi yaɗuwa, Malam Gwadabe ya ciro kwalbar ya ɗaga a gaban kowa, ya faɗi abin da likita ya ce tun daga farko har ƙarshe, har da zancen allurar shanu. Bai ambaci sunan Hadi ba. Ba a kuma buƙaci ya ambata ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Damina ta yi nisa, Isyaku na shan magani da asuba, Inna na ajiye masa furarsa a rufe sai hantsi, ba ta ƙara cewa komai ba. Makonnin farko kamar ba a yi komai ba, har ya fara tsaki a gaban madubi.

"Ajiye madubin nan," in ji Saudatu a wajen zance. "Ni ce zan kalli fuskar, ni kuma ban yi ƙorafi ba."

Ya kafa 'yar rumfar gyaran babura a bakin titi kusa da gada. Ƙafar da ke ƙaiƙayin tafiya ta lafa. Kafin a gama yankan gero kumburin ya sauka, jan ya dushe, sai tabo uku huɗu a kumatun hagu inda aska ta bi.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Gwadabe. Gwaggo Talatu ta aiko cewa ƙafa ke damunta. Hadi ya zo, ya tsaya can bayan taro. Da aka shafa fatiha ya matso, ya miƙa hannu, bai iya ɗaga ido ba. Isyaku ya karɓa.

"Na yafe maka, Hadi, don Allah da zumunci."

"Oga na Ikko..." Hadi ya fara, yana neman tsohuwar dariyarsu.

"A'a. Wasan ne dai ya ƙare."

Hadi ya tsaya da hannu a sake. Mutane suka ja ango suka yi gaba.

Da safe a ɗakin amarya, Saudatu ta kawo masa ruwan wanka. Ya shafa kumatunsa ya ce, "Kin ce baƙi ne, za su tafi. Ga wasu sun ƙi tafiya."

Ta dubi tabon, ta sa yatsa ta taɓa ɗaya.

"Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Duk ranar da wani ya kawo maka magana a kaina, ka taɓa su kafin ka ba shi amsa."

To jama'a, abin da ya kusa raba Isyaku da Saudatu ba ƙuraje ba ne. Ƙuraje lalura ce ta fata, tana da dalili, tana da magani a asibiti, ba kuma shaidar lalata ba ce. Abin da ya kusa raba su shi ne saurin yanke hukunci a kan abin da ba a bincika ba, da amanar da aka damƙa wa zuciyar da ba ta iya riƙe ta ba. Wanda aka ba riƙo ya ji tsoron Allah, idan ya ji ya kasa ya faɗa tun da wuri. Iyaye su tambayi masana kafin su rushe abin da aka daɗe ana ginawa. Wanda aka yi wa ƙazafi kuma kada ya gudu, ya tsaya ya yi haƙuri har gaskiyarsa ta fito. Allah ya haɗa mu da masu tambayarmu ko da ciwo, kafin su tambaye mu me ya jawo.